Zama biyar a ɗakin shawara a Bauchi: me yake yi wa wanda ya tashi a gidan rikici?

A cikin garin Bauchi akwai wani ɗan ɗakin ba da shawara da ke karɓar manya masu fama da damuwa. Ana yi musu zama biyar, sau ɗaya a mako, kowane zama minti 90. Ba za mu kama sunansa ba, don za mu faɗi inda yake yoyo, kuma ma'aikatansa masu ƙoƙari ne da ba su cancanci a yi tallar kuskurensu ba. Abin da zai amfani mai karatu shi ne tsarin da suke bi, wanda zai iya tarar da shi a wani wurin. Sunansa PM+ (Problem Management Plus, wato tsarin koyon shawo kan matsaloli), Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da shi a 2016 domin wuraren da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci, inda ake horar da ma'aikacin da ba likita ba ya gudanar da shi. Ƙarancin kuwa mun san shi, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200.

Ma'auni ɗaya muka auna hidimar da shi: me take yi wa babban mutumin da ya tashi a gidan da babu kwanciyar hankali? Agolan da ake ƙirga masa lomar tuwo, 'yar riƙon da ta fara talla tana shekara bakwai, yaron da aka saki uwarsa ya tashi a hannun matar uba, yarinyar da ta girma tana jin ƙarar mari ta bayan labule. Amsarmu ita ce kuɗin mutum da lokacinsa ba za su tafi a banza ba, in dai ya san abin da ya je saya. Zama biyar ɗin nan yana gyara zaman yau, wato barci, zuciya, sana'a da hulɗa da dangi. Abin da ya faru shekara ashirin baya ba ya tona shi, kuma da gangan aka tsara shi haka.

Da wuya wani ya shigo ya ce ƙuruciyarsa ce ke damunsa. Abin da ake ji shi ne "gabana ke yawan faɗuwa", "tsakiyar kaina zafi kamar an ɗora garwashi", "wani abu ke yawo a jikina", "ban san rabona da barci mai nauyi ba". Da yawa sun sha maganin taifot da na olsa zagaye uku-huɗu, wasu an yi musu ruƙiyya. Wani kuma zuciya ce ta kawo shi, ya daki ɗansa dukan da shi kansa ya tsorata da hannunsa. Abu na farko da ya burge mu a wurin shi ne ba sa ƙaryata ciwon jiki. Sukan tambaya ko an auna jini, an duba suga, an duba ƙarancin jini da maƙoƙo, tunda duk waɗannan kan kawo bugun zuciya da kasala, wanda bai yi ba su ce ya je ya yi.

Alaƙar ƙuruciya da wannan ciwon an daɗe da auna ta. A 1998 aka fara wallafa sakamakon wani babban bincike a Amurka, ƙarƙashin likitoci Vincent Felitti da Robert Anda, wanda ya kai ga manya sama da 17,000 a San Diego. An tambaye su abubuwa goma da suka gani kafin shekara 18: duka, zagi da ƙasƙanci, lalata, rashin kulawa ta ci da sha, rashin kulawa ta zuciya, dukan uwa a gabansu, rabuwar iyaye, mashayi a gida, mai taɓin hankali a gida, da wanda aka ɗaure a gida. Kusan biyu cikin uku sun ga aƙalla ɗaya, ɗaya cikin takwas ya ga huɗu ko fiye, kuma masu huɗun nan sun ninka waɗanda ba su ga ko ɗaya ba sau huɗu zuwa goma sha biyu wajen shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai. Lissafin na can ne, babu riƙo a ciki, babu 'yan ubanci, babu yaron da aka kai almajirci yana shekara biyar. A nan gida, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna yara shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18, mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma kuma an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Yaron da ya koyi gane halin mahaifinsa daga takun takalminsa a zaure, jikinsa ya saba zama cikin shiri. Ya girma, ya yi aure, ya bar unguwar, amma da an buga ƙofa da ƙarfi jiki zai zubo da sinadaran tsoro kamar yana nan a zauren.

Kafin zama na farko akwai tantancewa, takan ci kusan awa ɗaya. Ana karanto wa mutum tambayoyi goma sha biyu kan yadda damuwar ta taɓa tsayuwarsa, wankansa, aikinsa da shiga jama'a a kwana 30 da suka wuce, sai wasu kan yanayin zuciya. Ana kuma tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Mutane kan tsorata da wannan tambayar, wasu don dokar ƙasa ta daɗe tana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, wasu don kunyar addini. Yadda ma'aikaciyar wurin ke sako ta ya yi kyau: "Malama, mutane da yawa in abu ya yi musu nauyi sukan ji gara ma ba sa duniya. Ke ma kin taɓa jin haka?" Tambayar ba ta cusa wa kowa tunanin da ba shi da shi, kuma ita ke raba wanda zai shiga zaman da wanda dole a kai shi asibiti ranar. Tsarin ba ya ɗaukar wanda ya shirya kashe kansa nan kusa, ko mai jin muryoyi da ganin abin da babu, ko wanda shaye-shaye ya ci ƙarfinsa. Wurin yana bin wannan ƙa'ida, ba sa riƙe mutum don kuɗinsa.

Ɗakin kansa ne ya fara ba mu haushi. Falanki ne ya raba shi da bencin masu jira, kuma in an ɗauke wuta fanka ta tsaya, kukan mutum har waje. Rajistar masu zuwa tana buɗe a kan tebur da cikakken suna da unguwa. A garin da mutumin Jahun ya san na Fadaman Mada ta hanyar biki ko Islamiyya, wannan babban aibi ne, musamman ga wanda sirrinsa ya shafi kawunsa ko mijin uwarsa. Gyaran ba shi da tsada: lamba a madadin suna, fayil a durowa mai makulli, rediyo a kunne a wurin jira, da tazarar minti goma sha biyar tsakanin mai fita da mai shiga. Kafin su gyara, mai zuwa ya nemi zaman farko na safe, ya kuma ce a rubuta shi da lamba.

Zama na ɗaya numfashi ake koya, kuma a nan wasu kan raina abin, su ce kuɗinsu suka biya a koya musu abin da jariri ya iya. Ga yadda yake. A sassauta kafaɗu da hannuwa, a girgiza su kaɗan. A ja iska ta hanci har ciki ya taso kamar balan-balan, ana ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, a sake ta ana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Hakan yana ba da numfashi goma a minti ɗaya, abin da ake nema kuwa goma zuwa goma sha biyu ne. Dalilinsa: mai fargaba yana numfashi sama-sama da sauri daga ƙirji, yana fitar da iskar kabon fiye da kima, wannan ke kawo jiri, tsikarin yatsu da jin kamar za a shiɗe, sai tsoro ya ƙaru, numfashi ya ƙara sauri. Rage saurin ke yanke zagayen.

Inda abin ke lalacewa wurare ne sanannu. Wani yakan cika huhu tam yana zaton yawan iska ake so, sai jirin ya ƙaru, alhali jinkiri ake nema. Wani ba ya yi sai ranar da abin ya taso masa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya, dole a saba da shi lokacin da hankali ke kwance. Dabarar wurin ta ɗaura shi da lokutan salla ta yi kyau, minti biyar bayan Asuba, minti biyar bayan Isha'i, tun mutum bai tashi daga darduma ba. Ga Kirista mai zuwa daga Yelwa sukan ɗaura shi da addu'ar safe da ta dare. Abin da ba su kula da shi ba shi ne rufe ido. Wanda aka taɓa cin zarafinsa a ɗaki yana yaro, a ce ya rufe ido ya ɗora hannu a ciki ga baƙo zaune kusa da shi, jikinsa zai iya ƙanƙamewa. A bar idon a buɗe, ya kafa shi a wani wuri a ƙasa, kujerarsa ta fuskanci ƙofa. Kuma kada ma'aikaci ya taɓa shi don gyara masa zama.

Zama na biyu shi ne naman hidimar, shi kaɗai ya isa dalilin zuwa. Ana jera matsaloli duka, a ware waɗanda mutum ke da hannu a kansu, a zaɓi ɗaya mai sauƙi, a fayyace ta, a zubo duk mafitar da ta zo kai ba tare da tacewa ba, a zaɓi biyu ko uku, a tsara rana da lokaci, mako mai zuwa a duba abin da ya faru. Matakai bakwai ke nan, amma duk aikin yana wajen fayyacewa. A ce mace ce da ta tashi agola, yanzu tana gidan mijinta, ta ce matsalarta ita ce mahaifiyarta ba ta taɓa sonta kamar 'ya'yan mijin ba. Gaskiya ce mai ciwo, amma babu abin da za a tsara a kanta ranar Talata. Ma'aikaciya mai ƙwarewa za ta saurara, ta nuna ta ji, sannan ta tambaya: "Yaya, a satin nan da ya wuce, yaushe abin ya fi ci miki rai?" Sai a gano kiran wayar mahaifiyar ne na kowace Juma'a, wanda ke farawa da neman kuɗi ya ƙare da gori, ita kuma ta kwana biyu ba ta iya girki. Wannan ana iya aiki a kansa. Ta riƙa kira da kanta ranar Alhamis da safe lokacin da take da ƙarfi, minti goma, ta gaishe ta, ta yi sallama kafin hira ta gangara. Ta yanke adadin da za ta iya a wata ta riƙa aikawa ranar da aka sani, don kada kowane kira ya zama ciniki. In za ta je gaisuwa ta tafi da goggonta, ta kuma taso kafin Magariba.

A nan ne tsarin ya fi shawarar da ake tsinta a Facebook da TikTok, inda ake ce wa matasa duk iyayen da suka cutar da kai ka toshe lambarsu. Bahaushen da ya yi haka zai ɗauki wani kaya a kan na da: tsoron fushin iyaye, zargin yanke zumunci, da bakin dangi a kowane suna da biki. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa a yi haƙuri, uwa uwa ce, su rufe maganar. Tsakanin biyun akwai fili mai faɗi, kuma addinin ma ya san da shi. Ayar Suratul Isra'i ta hana a ce musu ko "uf", ta Suratu Luƙman kuma ta nuna akwai inda ba a yi musu ɗa'a, amma duk da haka a zauna da su a duniya da kyautatawa. Gaisuwa, ciyarwa gwargwadon hali da tausasa harshe abu ne daban, zama awa uku ana tsige mutum abu ne daban. Matakai bakwai ɗin suna ba mutum damar ya yanka wa kansa gwargwadon da zai iya ɗauka, ba wanda ya yanka masa.

Sai dai hakan ya dogara da ma'aikacin ya kame bakinsa. Littafin horon tsarin ya ce ƙarara a ajiye ra'ayin kai a gefe, a guji ba da umarni. Ɗaya daga cikin ma'aikatan wurin tana kiyaye wannan sosai. Ɗayan kuwa da zance ya zo kan iyaye sai ya koma mai wa'azi: "Ɗan'uwa, ka yafe kawai, ka ga sun tsufa." Wanda ya shekara talatin yana jin wannan jumlar daga kowa, in ya ji ta a nan ma, ba zai dawo zama na uku ba. Yafiya abu ce da mutum ke isa gare ta da ƙafarsa, wani a wata shida, wani a shekara goma, kuma ba ta cikin abin da aka biya kuɗi a yi a mako biyar. Wanda ya gamu da irin wannan ya nemi a sauya masa ma'aikaci, haƙƙinsa ne.

Zama na uku kan tashi a motsa ne. Damuwa takan kwantar da mutum, kwanciya ta tara masa aiki, tarin aikin ya ƙara damuwa. Ana zaɓar abu ɗaya a farfasa shi ƙanana: yau a fito da keken ɗinki a goge, gobe a sa mai, jibi a yi ɗinki ɗaya. Yana aiki. Abin lura kawai, da yawa cikin waɗanda suka tashi a gidan rikici matsalarsu akasin haka ce. 'Yar farin da ta raini ƙanne shida tun tana shekara tara ba ta san zama ba, in ta zauna sai ta ji kamar ta yi laifi. Ita aikin makonta a zaɓa mata abin jin daɗi ne da ba ya amfanar kowa sai ita, kitso, lalle, rabin awa a gidan ƙawa. Wurin ya gane wannan, sun yi daidai.

Zama na huɗu, na ƙarfafa jingina da mutane, a nan tsarin ya fi rauni ga irin mutanen da muke magana a kai. An gina shi a kan cewa mutum yana da na jiki da damuwa ta nisanta shi da su. Ma'aikaci yakan fara da "wa kike da shi a gida?", alhali gidan ne ciwon. Yaron da ya taɓa kai ƙara wurin babba aka ce ƙarya yake yi, ko aka mayar da maganar wurin wanda ya cuce shi, ya koyi darasin da ba ya gogewa da zama ɗaya. Ga kuma haɗari na zahiri: sirrin da aka faɗa wa 'yar'uwa yau, gobe kishiya ce za ta yi gori da shi a tsakar gida. Abin da ya fi dacewa, wanda wurin ba ya yi sai mai zuwa ya nema, shi ne a faɗaɗa lissafin ya wuce dangi, a sa malamar Islamiyya, maƙwabcin shago a Wunti, abokiyar adashi, tsohon abokin makaranta. Sannan a gwada amana da ƙaramin abu. A faɗa wa mutum maganar da ko ta fita ba za ta yi ɓarna ba, a jira mako biyu a ga ko za ta dawo ta wani bakin. Jingina kuma ba dole sai da buɗe ciki ba. Wanda zai raka ka asibiti, ko ya riƙe maka yara awa biyu, ya taimaka ko bai san komai na tarihinka ba.

Wani abu da dole a bincika a wannan zaman: ko mutum yana cikin duka a yanzu. Macen da mijinta ke dukanta, numfashi ba zai kare ta ba. Tana buƙatar a tsara inda za ta nufa da dare, wa za ta kira, ina takardunta da na yara suke, da ɗan kuɗin mota a ɓoye. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane tana nan tun 2015. Wurin yana yin tambayar, amma lambobin ofishin jin daɗin jama'a da suke bayarwa ba su sabunta su ba.

Zama na biyar bita ce da sallama. A farkon kowane zama ana yi wa mutum tambayoyi huɗu kan matsalolin da shi ya zaɓa, kowace daga sifili zuwa biyar, jimilla 20. A rana ta ƙarshe ana jera makin mako biyar ya gani da idonsa. Ga wanda aka raina tun yana yaro har ya daina yarda da abin da yake ji, ganin 17 ta koma 9 a takarda yana da nauyi. In makin bai motsa ba, ko ya hau, alama ce ta a wuce gaba. Bayan wannan babu wani bibiya, ba sa kira, ba sa sa ranar dawowa. Mai zuwa ya nemi a sa masa rana bayan wata uku.

Wata ukun ba da ka muka faɗa ba. Manyan gwaje-gwajen tsarin bayan wata uku suka auna sakamako: na Peshawar a Pakistan da mutum 346, wanda aka wallafa a 2016, da na Nairobi a Kenya da mata 421 da aka taɓa cin zarafinsu, a 2017. Duka biyun sun nuna raguwar damuwa fiye da ta waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Amma a lura, mutanen da ke cikin ƙunci iri-iri aka gwada a kansu, ba a ware masu raunin ƙuruciya ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da hidimar ba ta taɓawa. Akwai wanda abin da ya faru ke dawo masa kamar yanzu ake yi, ƙamshin wani turare ko ƙarar bel ya mayar da shi ɗan shekara takwas. Akwai mai mafarki ɗaya shekara da shekaru, mai ɗaukewa ana magana ya dawo bai san me aka ce ba, matar da ba ta iya jure kusantar mijinta, mai ganin kansa ƙazantacce ko me ya cimma. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ware irin wannan a matsayin ciwo mai zaman kansa, wanda ke biyo bayan cutarwa mai tsawo da ba a iya guje mata, kamar ta ƙuruciya. Maganinsa jinyar magana ce da ke fuskantar abin da ya faru kai tsaye, daki-daki, a hannun ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, yawanci zama takwas zuwa goma sha biyu, fiye da haka in cutarwar ta yi yawa. Ma'aikacin da aka horar kwana goma bai kamata ya buɗe wannan ƙofar ba, don buɗe ta ba tare da sanin rufewa ba yakan bar mutum makonni ba barci. Na wurin ba sa matsa wa kowa ya ba da labari, in mutum ya fara da kansa sukan saurara, ba su tona. Mun yaba. Inda suka gaza shi ne turawar, da baki kawai suke cewa "ka je asibiti". A nemi takarda a rubuce mai ɗauke da makin tantancewa da na mako biyar, a kai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ga wanda can ya fi masa kusa. A kuma faɗa wa likita a fili cewa jinyar magana ake nema, don kada a tsaya ga ƙwaya kaɗai.

Ƙwaya kuwa wurin ba ya bayarwa, haka ya dace. Amma suna tambayar abin da mutum ke sha, kuma a faɗa musu gaskiya. Da yawa suna zuwa da diazepam da suka saba saya a kemis don barci, wasu tramadol, wasu har yanzu maganin tari mai kodin duk da haramcin 2018. Diazepam yana kwantar da dare ɗaya, cikin 'yan makonni jiki ya saba ya nemi ƙari, kuma yanke shi farat ɗaya ga wanda ya daɗe a kai yana iya kawo jijjiga, sai likita ya riƙa rage shi sannu a hankali. In likita ya rubuta maganin ciwon damuwa, amitriptyline ko fluoxetine, ba a ganin amfaninsu sai bayan mako biyu zuwa shida, kuma ana ci gaba da sha wata tara zuwa goma sha biyu bayan an ji sauƙi. Na farkon yana sa barci da bushewar baki, da dare ake shansa, kuma yawansa guba ne, a ɓoye shi daga yara. Mutane kan bar magani a mako na biyu su ce bai yi ba, ko a wata na biyu su ce sun warke, duka biyun ke dawo da ciwo.

Giɓi ɗaya da ya dame mu shi ne tarbiyya. Iyaye da yawa tsoron maimaita abin da aka yi musu ne ya kawo su, tsarin kuma ba shi da zama kan renon yara. Ana iya cusa shi a zama na biyu in mutum ya kawo shi a matsayin matsalarsa. A gano lokacin da hannu ya fi tashi, sau da yawa safiyar makaranta ce ko dab da Magariba da yunwa da gajiya. A cire bulala da wayar caja daga ɗakin. A yanke tun da wuri cewa in zuciya ta taso za a fita tsakar gida a yi numfashi goma, minti ɗaya ke nan, ko a bi hadisin da ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, ko ya yi alwala. Hukuncin yaro a jinkirta shi sai bayan an ci abinci.

Kuɗin zama ɗaya ya yi kusa da na ganin likita a asibitin kuɗi, kuma zama-zama ake biya, ba a dunƙule ba, don haka wanda bai gamsu ba bai yi asarar biyar ba. Akwai na rukuni mai rahusa, mutum ba ya wuce goma sha biyu, awa biyu, mata daban maza daban. Ga matan da kaɗaici ke ci yana da daɗi, jin wata ta faɗi abin da ke ranki yana sauke kaya. Amma wanda rauninsa ya shafi lalata daga ɗan'uwa, ko danginsa sanannu ne a gari, ya biya na shi kaɗai. Maza kuma an ƙware su, ma'aikaci namiji rana biyu kawai yake zuwa, da hantsi, lokacin da ɗan kasuwar Muda Lawal ko mai Keke Napep ba zai bar nema ba. Matar da sai da izinin miji take fita tana iya cewa zaman koyon magance damuwa da rashin barci ne, gaskiya ce, kuma tsarin ya yarda a shigo da wani na jiki in ita ta so, ba in shi ya so ba.

Kafin a biya, a nan ko a wani wuri, a tambayi ma'aikacin kwana nawa aka horar da shi da kuma wa ke duba aikinsa. Tsarin ya tanadi horon kwana goma, gwaji a ƙarƙashin sa ido, da ganawa a kai a kai da ƙwararre. Wanda ya ce shi kaɗai yake aiki ba mai duba shi, a nemi wani. A kuma zaɓi mako biyar da babu tafiya ko bikin gida a ciki, don kowane zama a kan aikin da aka bayar a na baya yake hawa, in an tsallake biyu sai an koma baya. A zo da ƙaramin littafi. Wanda ba ya karatu yakan so a naɗa masa aikin makon a waya da murya, hakan yana yi, amma in wayar ta gida ce da yara da miji ke ɗauka, a tsaya ga zane a kati: rana don numfashin safe, wata don na dare, a riƙa jan layi a ƙarƙashin kowanne in an yi.